Akwatin Kifi Babu Kifi

Ranar Asabar ce, washegarin ruwan shuka, a shekarar da nake aji huɗu a firamare, Yaya Auwalu ya sauko daga motar Minjibir rungume da wani abu a cikin bargo kamar mai ɗauke da jariri. Ina bakin burtali ina kiwon awakinmu na hango shi, na watsar da sandar na ruga. Na miƙa hannu zan karɓi kayan, ya kauce, ya nuna min jakarsa da haɓa ya ce ita zan ɗauka. Haka muka ratso gonaki, ƙasa na ƙamshin ruwa, mutane na sunkuye suna jefa iri suna yi masa sannu da zuwa, shi kuwa yana taka ƙasa a hankali kamar mai tafiya a kan ƙwai. Da muka isa gida ya kwance bargon a tsakar gida, sai ga akwati na gilashi zalla, babu murfi, babu komai a ciki. Ya ce gidan kifi ne. Ni da yaran maƙwabta muka zazzage jakar nan tas muna neman kifin, ba mu samu ko ƙaya ba.

Gidanmu gidan malamai ne kuma gidan manoma. Baba yana karantar da yaran unguwa a zaure da asuba da kuma bayan la'asar, tsakanin nan yana gona. A ciki akwai Umma, akwai ni da ƙannena, sai kakarmu mahaifiyar Baba, wadda kowa ke kira Inna. Inna ce mai shanun gidan, ita ce kuma mai ƙwaryar nonon da ba wanda ya isa ya taɓa. Kullum da yamma takan dafa madara ta bar ta ta huce, ta ɗiga mata ɗan tsohon nono, ta rufe da faifai, da safe a tashi da kindirmo. Ban taɓa ganin mace mai tsabta irinta ba. Tukunya in ta shiga hannunta da toka da yashi, sai ka ga fuskarka a jiki. Yaya Auwalu shi ne ɗan fari, yana jami'a a Kano yana karatun kifi da ruwa, yana zaune a wani ɗakin haya a Rijiyar Zaki. Saboda alkunyar ɗan fari, tun da na yi wayo ban taɓa jin Baba ya kama sunansa ba, sai dai ya ce "yaron nan" ko "yayanku". Inna kuwa ba ruwanta, "maigidana" take ce masa, kullum suna cikin tsiya, tana cewa ya tafi birni karatun abin da masunta suka iya ba tare da sun sayi littafi ba.

A shagonsa, wato ɗakin kwanansa da ke jikin zaure, ya girke akwatin a kan wani tsohon teburi. Yashin rafi muka ɗebo, muka yi ta wanke shi har yatsuna suka yamutse, sannan ya shimfiɗa shi a ƙasan akwatin ya jera 'yan duwatsu. Ruwan rijiyarmu ya sa na yi ta jawowa da guga, domin a cewarsa na famfon birni akwai magani a ciki da ke kashe abin da yake nema. Ya nutsa wani baƙin soso a kusurwa, ya haɗa shi da siririn tiyo da wani ɗan inji mai cin batir, ya jingine farantin sola a jikin rumbu. Nan take soson ya fara fitar da kumfa, ɓul-ɓul-ɓul, kamar tukunya na tafasa. Har zuwa nan abin sha'awa ne a wurina. Sai da ya buɗe wani gwangwani ya ɗebi garin abincin kifi da yatsu uku ya barbaɗa a ruwan da babu kowa a ciki, sannan na tambaye shi wa yake ba wa.

"Akwai masu zuwa su zauna a ciki," in ji shi. "Ba a ganinsu da ido. Sai sun tare sun hayayyafa sannan a kawo kifi. In aka sa kifi ba su zo ba, ruwan da kansa zai kashe shi."

Ya ci gaba da bayani, cewa kashin kifi da ragowar abinci suna rikiɗewa su zama dafi a cikin ruwa, su kuma waɗannan halittu dafin ne abincinsu, a cikin soso da jikin duwatsu suke gina gidajensu. Maganar na shiga kunnena, amma ni wata fassara dabam nake yi mata. Ni goyon Inna ce. Na tashi da sanin cewa ba a watsa ruwan zafi a ƙasa sai da bisimilla, ba a zama a gindin tsamiya da tsakar rana, ba a leƙa rijiya da magariba, kuma kududdufin bayan gari yana da masu shi. Na san su wane ne ba a gani da ido, na kuma san abin da ake kiran mutumin da ke ajiye musu abinci. An ce tsoro na daji, kunya na gida, amma ni nawa tsoron a ƙofar gidanmu ya zo ya tare.

Makonni suka yi ta wucewa, gero ya fito ya kai gwiwa, aka shiga noman farko, akwati na nan babu kifi. Samarin unguwa suka samu abin dariya, duk wanda ya wuce sai ya leƙa ya tambayi Yaya ko kifin nasa ya yi ƙiba. Shi kuwa murmushi kawai yake yi ya ce sannu ba ta hana zuwa. Kowace safiya sai ya barbaɗa garin nan, bayan 'yan kwanaki kuma ya ɗebi ruwan a wata 'yar kwalba ya ɗiga masa magani ya girgiza. A kan idona farin ruwa ya koma kore. Wata rana ya ɗiga na wata kwalbar, ruwan ya zama kamar zoɓon da aka tsinka, ya yi ta murna wai rukunin farko na halittun sun iso, saura na biyu. Ni dai na daina bi ta zaure in ba dole ba. In an aike ni kai abinci gona, sai in ɗauke numfashi in wuce ƙofar shagon da gudu, fura na tangal-tangal a kaina. Ko carafke muke yi da ƙawayena a ƙofar gida, ni ake fara cinyewa, domin hannuna na kan duwatsu, kunnena na wajen ɓul-ɓul ɗin nan. A makaranta malaminmu ya zane ni saboda ya yi tambaya ina kallon taga, ban kuwa iya gaya masa abin da nake tunani ba.

Wata safiya aka tashi ruwan ya yi fari fat kamar an dama farau-farau, ko duwatsun ba a hangowa. Yaya ya ce haka yake yi, zai washe da kansa. Inna ta tsaya daga bakin ƙofa ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ruwa ba ya tsami banza," ta juya. A cikin makon nan zazzaɓi ya kwantar da Yaya. Aka sayo magani a kemis, aka dafa masa ganye ya yi sirace, jiki sai ƙara zafi yake, har ya fara sambatu yana kiran sunayen abokan karatunsa. Da abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, Baba ya nemo mota a kai shi asibiti a Kano, Umma za ta bi shi jinya. Ana shimfiɗa masa katifa a bayan motar ya sa aka kira ni. Leɓunansa sun bushe sun tsage, hannunsa kamar garwashi. Ya ce in riƙa zuba musu abinci kowace safiya da yatsu uku kada in ƙara, in riƙa fitar da farantin sola rana kada injin ya tsaya, kuma ko me za a yi kada in bari a wanke soson. Ya ce amana ce. Na gyaɗa kai ina kuka, motar ta tashi.

A ranar na zauna a bayan rumbu na haɗa lissafina irin na yarinya, ya kuma fita daidai. Waɗanda Yaya ya kira sun zo, ruwa ya yi fari saboda sun cika akwatin, garin da ake ba su bai ishe su ba, shi ya sa suka koma kansa. In na ciyar da su kullum za su sake shi, in na yi fashi ko rana ɗaya za su ƙarasa shi. Gaba kura, baya siyaki. Shiga ɗakin nan ya fi min komai tsoro a duniya, rashin shiga kuma yana nufin in rasa yayana. Don haka kowace safiya bayan mun tashi daga karatun allo, kafin in sa kayan makaranta, sai in tsaya a ƙofar shagon in karanto duk surar da na haddace, har da addu'ar shiga banɗaki don ita ma na ji an ce tana korarsu. In tura ƙofar, warin danshi ya buge ni, in ɗebi garin, in jefa ba tare da na kalli ruwan ba, in fito da baya. Farantin sola kuwa na zama baiwarsa. In hadari ya haɗo ina aji, hankalina ya tashi ke nan, ina ta roƙon Allah kada batir ya mutu kafin rana ta fito. Na rame, abinci ya daina shiga, ƙawayena suka gaji da kirana gaɗa suka bar ni.

Labarin asibiti ta wayar Baba yake zuwa. Yau a ce ya sha kunu, gobe a ce an ƙara masa ruwa. Likitoci sun ce taifot ne ya ci jikinsa. Duk wanda ya zo jaje, Baba amsa ɗaya yake ba shi, da sauƙi, ya ɗauki fartanyarsa ya tafi gona, fuskar nan tasa ba ka karanta komai a kai. Matan maƙwabta kuwa in sun shigo wajen Inna sai murya ta yi ƙasa, ido na komawa wajen shago. Inna ta bar tsiya, ta bar waƙar da take yi in tana burga nono, carbi ba ya barin hannunta. Wata safiya ta kama ni ina fitowa da baya ina tofe-tofe, ta riƙe ni ta tambaye ni abin da nake yi a ciki, na gaya mata. Ta sake ni, amma na ga yadda ta damƙe bakin zanenta.

Ranar Talata da azahar na dawo daga kai abinci gona, na tarar da ƙofar shagon a buɗe, kuma babu ƙarar ɓul-ɓul. Na leƙa ciki. Inna na tsaye a kan akwatin, ga bokiti, ga sabulu, ga kaskon toka a gefe, ta zare tiyon ta ciro soson ta riƙe shi da yatsu biyu. Ya yi ruwan ƙasa, yana yauƙi, yana ɗiga. A wurin mace irin Inna, ko babu aljani ko ɗaya a ciki, wannan ƙazantar kaɗai ta isa hukunci. Ban san lokacin da na yar da kwanon na faɗa kanta na cukuikuye zanenta ba, ina ihu ina cewa za su kashe shi, za su kashe shi. Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar. Tana ture ni ina ƙara maƙalewa, ita ma hawaye na bin kumatunta, har Baba ya shigo da fartanya a kafaɗa ya same mu a haka.

"Malam, yaron nan na can kwance," in ji Inna, "wannan abu kuma yana nan yana tafasa ba wuta. Da bakinsa ya ce wasu yake ciyarwa da ba a gani. Ni ba za a cinye min maigida ina zaune ina kallo ba."

Baba ya jingine fartanyar. Ya sa ni na tsaya a gabansa kamar mai ba da hadda, ya ce in faɗo masa abin da yayana ya ce tun daga farko, kada in rage kada in ƙara. Ina shessheƙa na kawo masa duka, har da maganar kashin kifi da dafi da gidajen da ke cikin soso, wadda ban ma san ta zauna a kaina ba. Ya durƙusa ya daɗe yana duban farin ruwan. Sannan ya juyo wajen mahaifiyarsa, ya sassauta murya.

"Inna, madarar da kike rufewa da yamma ki ɗiga mata tsohon nono, wa yake shiga ya mayar da ita kindirmo kafin gari ya waye? Kin taɓa ganinsa?"

Inna ta ce wannan ai ikon Allah ne.

"To wannan ma shi ne. Ciwo daga Allah yake, sauƙi ma daga gare shi. Yaron nan amana ya bari, a mayar masa da abinsa yadda ya bar shi."

Inna ta mayar da soson tana ƙunƙuni, na haɗa tiyon da hannuna, kumfa ta dawo. Ba ta haƙura gaba ɗaya ba, sai da ta turara ƙofar shagon da habbatussauda har muka yi ta tari. Ni ma kada a ɗauka tsorona ya tafi. Abin da na fahimta daga maganar Baba shi ne ashe har a cikin nono akwai su, don haka na yi kwanaki ban sha fura ba. Ga kuma sabuwar fargaba, cewa an fito da gidansu waje sun sha iska, wataƙila sun mutu, wataƙila sun fusata. A ranar da la'asar waya ta zo cewa jikin Yaya ya tsananta, ba ya gane mutane. Baba ya saurara, ya ce Allah ya sawwaƙe, ya koma zaure ya ci gaba da biya wa yara karatu kamar ba a yi komai ba. Na ji haushinsa a ranar, na ce a raina wannan wane irin uba ne.

Washegari da sassafe na je ƙofar shagon na fara karatuna, sai na ga a buɗe take. Baba ne a ciki, tsugune a gaban akwatin, gwangwanin abincin a hannunsa. Bai juyo ba ya tambaye ni kamar yaya ake zuba musu. Na matso na nuna masa yatsu uku. Ya ɗiba, na ga hannun nan da ke riƙe alƙalami ba ya ko motsi yana karkarwa har garin na zubewa a teburi. Ya barbaɗa a hankali, ya tsaya yana kallon yadda yake nutsewa, sannan can ƙasa-ƙasa na ji ya ce, "Allah ka tashi kafaɗar Auwalu." Ranar na fara jin sunan a bakinsa. Tsoron da ya kama ni a lokacin ya fi na aljanu nesa ba kusa ba, domin na gane Baba ma tsoro yake ji, kuma babu wanda ya fi shi da zai ruga wurinsa. Daga ranar tare muke shiga, shi ya zuba, ni in fitar da farantin.

Ruwan bai washe rana ɗaya ba. Da farko duwatsun suka fara bayyana kamar inuwa, sannan yashin, har wata safiya muka shiga muka same shi garau, ana hango bangon ɗaki ta cikinsa. Gero na fitar da kai aka dawo da Yaya, ya rame kamar a hure shi ya faɗi, Umma na riƙe da shi. Ko zama bai yi ba ya ce a kai shi shago. Ya ɗiga magungunansa, kwalba ɗaya ta tsaya ruwan ɗorawa, ɗayar ta yi shuɗi kamar sama, ya dube ni ya ce ruwa ya nuna. Da aka ba shi labarin abin da ya faru ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, amma da na gaya masa wanda yake zuba abincin, dariyar ta tsaya, ya sunkuyar da kai. Bayan ya warware ya kawo kifayen a leda, 'yan mitsi-mitsi masu jela kamar mayafi, kaɗan-kaɗan yake ƙara su don kada su fi ƙarfin masu gidan. Ko ɗaya bai mutu ba. Wadda ta fi kowa zama a gabansu kuwa Inna ce, har sunaye ta raɗa musu, sai dai har ta koma ga Allah ba ta daina hararar soson nan ba.

Yanzu ina zaune a Bacirawa da nawa iyalin, na kuma san babu abin da ya haɗa ruwan akwati da ciwon Yaya, ruwan da ya sha a gidan haya ne ya kwantar da shi. Kwanan baya na sayo wa yarana nasu akwatin. Mai sayar da akwatin ya nuna min wata kwalba wai in na zuba ba sai na yi dogon jira ba, na ce ya bar abarsa. Wajen Yaya Auwalu na je, wanda yanzu furfura ta fara yi masa sallama, ya matso min ruwan tsohon sosonsa a gora, ya ce tun halittun wancan akwatin ne yake ta yaɗawa bai taɓa bari sun yanke ba. Da nake barbaɗa gari a ruwan da babu kifi, 'yata ta tambaye ni wa nake ba wa, na ba ta amsar da aka ba ni. Ko gezau ba ta yi ba, ta ɗauki wayata ta nemo hotonsu ta nuna min, ta koma wasanta. Na ji daɗi da ba ta tsorata ba, amma sai gidanmu ya faɗo min a rai. Shagon Yaya ya rushe, ƙwaryar Inna ba a san inda ta shiga ba, Baba ma ya daɗe da rasuwa, kuma har ya bar duniya ban sake jin ya kama sunan ɗansa ba. Duk safiyar da na ɗebi garin nan da yatsu uku, hannunsa nake gani yana karkarwa.